Farar Kwalba Marar Rubutu

Kafinta bai taɓa ganin asibitin da ya san darajar namiji irin wannan ba. Haka ya ce a ransa ranar da ya fara zuwa, kuma ya daɗe bai canza magana ba.

Ƙaramin asibiti ne mai zaman kansa, a saman wani shago da ake sayar da tayil. Aikinsu guda ɗaya ne, gyaran sinadaran jikin nan da ake kira homon, ga wanda nasa ya yi ƙasa ko ya yi yawa. Mata ta ƙofar gaba suke shiga, su zauna a benci suna hira, kafin a kira ta farko kowacce ta san ciwon 'yar'uwarta. Maza kuwa an yi musu tasu ƙofar ta baya, cikin lungun da masu tayil ke jibge kwalaye. Ka hau matakala, ka danna ƙararrawa, a buɗe maka a kai ka wani ɗan ɗaki mai kujera ɗaya tal. Wanda ya riga ka ya sauka tuntuni, wanda zai biyo ka kuma ba a ba shi lokaci sai bayan tafiyarka. Wanda ya tsara wannan ya san maza ciki da waje. Namiji zai shiga kasuwa da karyayyar ƙafa yana ba da labarin yadda ya faɗo, har da ƙari, amma ka ce ya zauna benci ɗaya da wani namijin a inda ake gyaran ƙarfi, sai ya gwammace ya ƙare a gida yana cewa lafiyarsa lau.

Shi ma Kafinta sai da ya kai maƙura sannan ya je. Zarto ya fara yi masa nauyi. Aikin da a da yake gamawa kafin rana ta take, yanzu sai ya kwana a kan teburi. Ga kuma ɗaya matsalar, wadda ke tsakaninsa da matarsa, wadda shi bai taɓa furtawa ba, ita ma ba ta taɓa tayarwa ba. Wani mutum da yake yi wa durowar kicin ne ya kwatanta masa wurin, yana kwatancen yana kallon bango.

An ɗebi jininsa, aka ce ya dawo. Da ya dawo, Likita, wani siririn mutum mai tabarau da taushin murya, ya ce masa, “Malam, sinadarin maza ne ya yi ƙasa a jikinka. Ba kai kaɗai ba ne, kuma yana da magani. Sista za ta ba ka man shafawa.” Bai tsawaita ba, Kafinta kuwa ya ji daɗin hakan, don tun da ya zauna idonsa na kan takalminsa.

Ɗakin Sista fes yake, sai ƙamshin maganin goge ƙasa. A bango an jera takardun shaidar hukumar da ke duba asibitoci, kowacce cikin firam, har Kafinta ya yaba wa wanda ya haɗa kusurwoyin. Sista ta sa safar hannu, ta ɗora wata a kanta. Ta ɗauko robar kamfani mai rubutu jibge a jiki, baƙi da ja, ta juye man cikin wata farar kwalba wadda ko ɗigo babu a jikinta, ta rufe, ta goge, ta cire safar da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara.

“Kowace safiya bayan wanka, cikin wannan ɗan cokalin, a kafaɗu da damatsa,” in ji ta. “In an tambaye ka a gida ka ce na ciwon baya ne. Kowa haka yake cewa.”

Ya sa kwalbar a aljihu ya sauko yana cewa, kai, wannan ita ce tsafta, safa har biyu.

Maganin kuwa ya yi aiki, wannan ba wanda zai musa. Zarto ya koma nauyinsa na da. Kafinta ya dawo da 'yar waƙar da yake yi in yana goge katako. Matarsa ba ta ce komai ba, sai dai ta koma yi masa tsiyar da ta daina, in ya wuce ta ce, “A'a, yau kuma saurayin wa muka samu?” Sau ɗaya ta ɗauki kwalbar a saman durowa ta ce bari ta shafa a gwiwarta, ya fizge da tsawa. Ba don ya san wani abu ba, tsoro ya ji kada ta ji wari ko laushin man ta fara tambaya. Ta dube shi ta ce, “Allah ya ba ka haƙuri, mai rowar man baya,” ta fice.

'Ya ɗaya gare su, ba ta cika shekara huɗu ba, kuma tun da ta fara rarrafe sunanta na gaskiya ya ɓace, kowa Jela yake ce mata. Duk inda ubanta ya sa ƙafa tana bayansa. Shagonsa a jikin gidan yake, ƙofa ɗaya ce tsakani, don haka in ba ta makarantar rainon yara to tana cikin garin katako tana tara masa lanƙwasassun ƙusoshi. Kowace safiya ya yi wanka, ya shafa mansa a ɓoye, ya zura singileti, yana buɗe ƙofa zai tarar da ita tsaye, hannuwa a sama.

“Baba, sama!”

Sai ya sure ta ya ɗora a wuya, cinyoyinta a kan kafaɗunsa, hannuwanta sun rungume goshinsa, su tafi har ƙarshen layi su sayo burodi su dawo, tana gaida mutane daga can sama kamar ita ta ajiye su. Da rana in barci ya kama ta, a damtsensa take kwantar da kunci.

A jikin katakon ƙofar shagon yake auna ta. Ta tsaya ta manna baya, ya zaro fensir daga bayan kunne ya ja layi. Kullum tambayarta ɗaya ce.

“Baba, zan kai ka?”

“Ki kai ni? Ai wuce ni za ki yi. Sai na ɗaga kai in yi miki magana.”

A watannin nan layukan suka fara barin juna da nisa. A da sai ya matse fensir kafin sabon layi ya rabu da tsohon, yanzu yatsa biyu ke shiga tsakani. Kujerar da ya yi mata ta yi mata kaɗan, takalmi bai daɗewa. Kafinta baki har kunne, duk wanda ya zo karɓar aiki sai an kai shi ƙofa ya gani. “Dubi nan, dubi nan. 'Yar kafinta ke nan, ita ma hawa-hawa ake gina ta.”

Uwar ce ta fara shan jinin jikinta. Ta ce yarinyar nan tana warin gumi irin na manya, ya ce wasa ne ya yi mata yawa. Ƙuraje suka fito mata a goshi, ya ce zafi ne. Malamar makaranta ta aiko cewa Jela ta ture wani yaro har ya fasa leɓe, kuma ba wannan ne na farko ba, ya yi dariya ya ce ƙarfi ne na gado. Muryarta ta yi kauri, ta shaƙe kamar mai mura, aka yi ta ba ta maganin tari, murar ba ta tafi ba don dama babu ita. Uba in yana son abu ya zama alheri, ko me ka nuna masa sai ya samo masa suna mai daɗi.

Ran nan da safe ya fito da singiletinsa bai tarar da kowa a ƙofa ba. Daga ɗaki matarsa ta kira shi, da wata murya da bai san ta da ita ba.

“Baban Jela, zo ka gani.”

Yarinyar na naɗe cikin tawul, an gama yi mata wanka. Uwar ta ɗaga mata hannu. A hamatar 'yar da ba ta iya ɗaura takalminta ba, ga gashi nan baƙi ya tsiro.

“Yanzu kuma me za ka ce?” in ji ta. “Wannan ma na gado ne?”

Ya durƙusa ya ƙura wa wurin ido.

Babban asibiti suka je, ɓangaren yara. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ciki, aka ɗauki na kai, aka ɗauki na ƙashin hannu. Wani ƙaramin likita ya ambaci kalmar ƙari, wai wani lokaci tsiro ne a ciki ke kawo irin wannan, daga ranar abinci ya daina wuce wa matarsa. Kafinta ya yi ta zirga-zirga tsakanin tagar karɓar sakamako da bencin jira, Jela a wuyansa, don in ba a can sama ba ba ta yarda a tsaya a layi. Kowace safiya kafin su fito sai ya shafa mansa, saboda yana ganin yanzu ne ma yake bukatar ƙarfinsa.

Likitar yara dattijuwa ce mai furfura a gaban goshi. Ta zaunar da su, ta ba Jela takarda da biro ta ce ta zana mata mota.

“Na farko dai, babu ƙari,” in ji ta. “Mun duba ko'ina.”

Matarsa ta saki numfashi ta fara hamdala. Likitar ta ɗaga hannu.

“Ki tsaya tukuna, 'yata. Jininta cike yake da sinadarin maza, kuma ba jikinta ke yin sa ba. Daga waje yake shiga.” Ta ɗaga hoton ƙashin hannun ta saita shi da haske. “Wannan hannun 'yarku ne, amma duk likitan da ka nuna wa bai ga yarinyar ba, zai ce maka 'yar shekara bakwai ce ko fiye. Ƙashinta ya yi gaba ya bar ta. Shi ƙashi yana da bakin tsiro, in ya kai lokacinsa sai ya rufe, tsawo ya tsaya. Wanda ya yi gudu da wuri, da wuri yake rufewa.” Ta ajiye hoton. “A gidanku akwai mai shafa wani mai na ƙarin ƙarfi, ko na gina jiki? Ko wani da ke yawan ɗaukarta?”

“Babu,” in ji matarsa. “Mu uku ne a gidan. Shi dai yana da na ciwon ba...”

Ba ta ƙarasa ba. Ta juyo a hankali ta dube shi.

A lokacin ma Jela na jingine da shi, kuncinta a damtsensa, tana zanen tayar mota. Ya janye hannun da sauri har biron ya kauce, yarinyar ta ɗago ta harare shi.

“A kafaɗa kake shafawa?” in ji likitar.

Ya gyaɗa kai.

“Ba a ce maka ka wanke hannu, ka rufe wurin da riga, kada fatar yaro ko ta mace ta taɓa ba? A jikin robar ma an rubuta da ja.”

“Ba a roba aka ba ni ba,” in ji shi.

Likitar ta cire tabarau ta murza ido. Ta ce in an raba ta da man, warin zai tafi, ƙurajen za su tafi, faɗan zai ragu, gashin ma wataƙila. Muryar ba ta da tabbas. Ƙashi kuwa ba ya komawa baya. Abin da za a yi fata shi ne ya rage gudu, shekarunta su samu su biyo shi. Nawa za ta rasa na tsawonta, ba wanda zai iya faɗa yanzu, sai an yi ta aunawa ana gani.

“Ba allura? Ba wani abin da za a ba ta?” in ji Kafinta. “Ko a jikina za a ɗiba, a ɗiba.”

“Malam, a yanzu babu abin da za ka yi sai jira.”

A hanya matarsa ce ta riƙe yarinyar har gida. Sai da ta kwantar da ita ta fito ta same shi a shago, yana tsaye da farar kwalbar a hannu.

“Ni ba maganin ne ya ƙona min rai ba,” in ji ta. “Ka yi ciwo ka nemi magani, wa zai ga laifinka? Amma Baban Jela, wa kake ɓoye wa? Ni? Abin da duk duniya ni na fi kowa saninsa? Ina kwance kusa da kai ina yin shiru don kar ka ji kunya, ashe kai ma kana can kana yin shirun. Da ka ce min ga abin da aka ba ka, wallahi da sai na tambayi yadda ake yi da shi a gida mai yara. Ni da ko maganin sauro ba na fesawa sai na fitar da ita.”

Ta koma ciki. Ya ji tana tattara tawul-tawul da zannuwan gado tana zubawa a bahon wanki, har da waɗanda aka wanke jiya.

Washegari ya hau matakalar nan ba tare da an ba shi lokaci ba. Ya tafi ne da niyyar in bai karya teburin Likita ba to ya karya ƙofa. Ya dire kwalbar a gabansa, ya faɗi abin da ya faru. Yana jira a musa masa ya samu inda zai sauke abin da ke cinsa, sai ya ga fuskar Likita ta canza, mutumin ya dafe kai da hannu biyu. Ya danna ƙararrawa Sista ta shigo.

“Sista, ba kina faɗa musu zancen riga da wanke hannu ba?”

“Likita, na ɗauka a nan ɗakinka ake faɗa. Ni ce min ka yi kar in riƙa tsare su da dogon bayani, ba sa son daɗewa.”

“Ni kuma na ɗauka tunda ke ke ba da man...”

Dukansu suka zuba wa kwalbar ido.

Likita ne ya yi masa bayanin yadda aka faro. Da can a robar kamfani suke bayarwa, cikin kwalinta. Sai matar wani ta tsinci kwalin, ta ba ƙaninta ya karanta mata, kafin sati ya zagayo dangi duka sun ji. Mutumin ya zo nan ya yi musu tas, ya ce sun tona masa asiri. Daga nan suka sayo fararen kwalabe. Maza suka yi ta sa albarka, wani na gaya wa wani, har aikin ƙofar baya ya fi na ta gaba yawa.

Kafinta ya juya ga Sista. “Safar nan da kike sawa biyu-biyu, ta mece ce?”

Ta dubi hannuwanta. “Don kar ya taɓa ni,” in ji ta, sai hawaye.

Ya rasa yadda zai yi da su. Da mugaye ya tarar da ya san abin yi, amma mutum biyu ne da suka so su rufa masa asiri, shi kuma ya gode musu a lokacin har da addu'a. Fushin da ya hau matakala da shi ya rasa inda zai sauka.

“Sauran fa?” in ji shi. “Sauran mazan da kuka ba wa?”

“Duk wanda ya dawo za mu faɗa masa. Kwalbar ma daga yau mun daina.”

“Waɗanda ba su dawo ba fa? Kwalba ɗaya tana daɗewa. Ku kira su mana.”

Likita ya sunkuyar da kai. “Yawancinsu lambar da suke bari ba tasu ba ce. Wasu sunan ma na aro ne. In mun dace lambar ta shiga, matar ce ta ɗauka, me za mu ce mata? Alkawarin sirri muka yi musu.”

Kafinta ya tuna da tasa lambar. Shi kansa ranar farko da aka tambaye shi lamba, sai da ya canza ta ƙarshen.

Likitar yara ta sanar da hukuma, ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Masu dubawa suka je. Suka buɗe firji suka ga sanyinsa daidai, suka ga kwandon allurai daban na shara daban, suka shiga sito suka ga magunguna cikin kwalayensu ba wanda ya lalace, suka ga lasisin Likita da na Sista. Duk abin da aka ce su duba sun duba, kuma lafiya lau yake. Fararen kwalaben ba sa sito, suna can saman durowoyin mutane a gidajen da ba wanda ya san inda suke. Aka ce in ana son maganar ta yi nisa, sai iyayen sun zo da yarinyar gaban kwamiti, a duba ta, a ɗauki hotuna, a rubuta sunanta.

“Ba inda za a kai min 'ya,” in ji matarsa. “A tuɓe ta gaban mutane, gobe a ji a unguwa? Ta girma ana nuna ta ana cewa ita ce wadda ta yi muryar maza? A bar ta da sirrinta.”

Ya so ya ce mata sirrin nan ne ya kawo su inda suke. Ya dubi Jela tana wasa da murfin gwangwanin fenti, ya ga shi ma ba zai iya kai ta ba.

Abin da ya iya kawai shi ne zuwa lungun masu tayil. Ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya je ya raɓe kusa da kwalaye yana jiran mai saukowa. Asibitin sun cika alkawari, yanzu da kwali ake fitowa. Ya ga wani mai ƙaton ciki ya sauko, ya waiga dama da hagu, ya zare robar, ya ɓare takardar da ke manne a jikinta da farce, ya cusa kwalin cikin sharar masu tayil, ya sa robar a aljihu.

“Malam, don Allah minti ɗaya,” in ji Kafinta. “Kana da ƙananan yara a gida?”

Mutumin ya zabura. “Ni tayil na zo dubawa.”

“Na sani. Ni ma a sama na karɓa, ba wani abu ba ne. Man nan in ka shafa...”

“Wane mai? Ka san ni ne? Ka ga, ka kiyaye ni.”

Ya wuce da sauri har yana tuntuɓe. A bakin titi ya buɗe mota, Kafinta ya hango 'yar jakar makaranta mai hoton zomo a kujerar baya. Ko an faɗa masa a sama, ko ya saurara da aka faɗa, Allah kaɗai ya sani. Na biyu da ya tare cewa ya yi shi mai gyaran wuta ne. Na uku yana hango shi ya fasa shiga lungun. Daga baya mai shagon tayil ya fito ya roƙe shi ya daina tsayuwa a nan, yana korar wa mutane jama'a.

Shi dai ya bar man. Likitar yara ta ce ba sai ya bari ba, in zai kiyaye, amma ko ganin kwalbar ba ya so. Zarto ya koma yi masa nauyi, waƙar goge katako ta ɗauke. Yanzu ko zafi ake kamar me da riga mai dogon hannu yake yini, ya sa maɓalli har wuya, ko da yake babu sauran abin da zai rufe. In Jela ta ɗaga hannu ta ce “Baba, sama,” sai ya ce bayansa ke ciwo, ƙaryar da aka ba shi tare da kwalba. An ce masa ba komai ya ɗauke ta, ya sani, amma hannuwansa ba sa yarda. Ta yi kuka kwanakin farko, ta yi ta dukan ƙafarsa. Daga baya ta daina tambaya, wannan kuwa ya fi kukan yi masa ciwo.

Warin ya tafi, ƙurajen sun bushe, malamar makaranta ta daina aike. Muryar tana nan.

Awon ƙofa ne bai ƙara tayarwa ba. A asibiti ana auna ta, a rubuta, a ce su dawo, likitar ba ta cewa da kyau ba ta cewa babu kyau. Amma Jela ba ta manta ba. Wata rana da hantsi yana yanka katako ta zo ta manna bayanta a jikin ƙofar, ta miƙe ƙyam.

“Baba, auna ni.”

“Ina aiki, Jela.”

“Auna ni!”

Matarsa na tsaye a ƙofar gida da bokiti a hannu, ba ta ce a yi ba, ba ta ce a bari ba. Ya ajiye zarto, ya zaro fensir daga bayan kunne. Yarinyar ta yi ɗage a kan yatsun ƙafa yadda ta saba, don ta san abin da ke sa ubanta murna. Ya sa hannu ya danna dugaduganta ƙasa. Ya kwantar da gashin kanta, ya ƙara kwantarwa, ya danna fensirin iya yadda zai dannu. A ransa yana roƙon Allah layin ya faɗa kan na baya, ko kusa da shi.

Ta matsa ta juyo. Sabon layin na sama da tsohon, da tazarar da ba sai an sa tef ba.

“Na ƙaru?”

“Kin ƙaru.”

Ta yi tsalle ta tafa hannu. “Zan kai ka?”

Ya dubi layin, ya dubi katakon da ya rage a sama har zuwa inda kansa yake, fari fes ba a taɓa shi ba. Da ta ga ya yi shiru sai ta ba kanta amsar, da shaƙaƙƙiyar muryar nan, tana kwaikwayon yadda yake faɗa.

“Wuce ka zan yi. Sai ka ɗaga kai ka yi min magana.”

Kafinta ya saki fensirin. Ya durƙusa cikin garin katako, ya ƙara yin ƙasa har ya zauna a kan dugadugansa, sannan ya ɗaga kai ya dube ta.

Jela ta ƙyalƙyale da dariya, ta kama kwalar rigarsa tana ja.

“Ba yanzu ba, Baba. Tashi. Sai na girma.”